Ɗaurin Gizo a Aji Ɗaya

Takarda ta farko da na rubuta da hannuna a matsayin malama, jerin sunayen yara masu matsalar baki ce. Mako biyu na yi ina haɗa ta, na ja mata layi da jan biro, kuma duk yaron da na sa a ciki lafiyar bakinsa lau.

A Tambuwal aka haife ni, a nan na yi wayo. Amma in za a faɗi gaskiya, rabin 'yanmatancina a cikin littattafan soyayya na yi shi, irin waɗanda ake bazawa a kan tabarma ranar kasuwa, bangonsu da hoton fure ko na budurwa ta yi tagumi. Ba karanta su kawai nake yi ba, furta su nake yi. Nakan shige ɗaki in turo ƙofa, in riƙa maimaita maganar 'yanmatan ciki a hankali har bakina ya saba. A gidanmu ƙamna ake cewa, su a littafi ƙauna suke cewa, sai na ga tasu ta fi taushi, kamar kalmar ta cire takalmi kafin ta shigo. Muna cewa halshe, suna cewa harshe. Muna cewa yat tahi, suna cewa ya tafi, kuma in saurayin littafi ya tafi, tafiyar tasa ta fi ciwo. Kafin in gama makarantar horon malamai na riga na sauya baki. Yayyena suna kirana 'yar rediyo don su ba ni haushi, ni kuwa daɗi nake ji.

Da aka ɗauke ni aiki sai aka tura ni wata ƙaramar firamare a ƙasar Kebbe, can wajen Fakku, aka ba ni aji ɗaya. Kafin mu watse an tara mu, sabbin malamai, an yi mana bita ta kwana biyu. Wani malami mai sanyin murya ya ce mana yaro ba da bulala yake koyon magana ba, da magana yake koyonta. Ya ce mu ba su tatsuniya da kacici-kacici, mu bar su su yi ta maimaitawa, a nan bakinsu zai gyaru. Ya ce mu fara da gano waɗanda ba sa furta kalmomi daidai. Na rubuta "bakinsu zai gyaru" na ja masa layi biyu. Ban tambaye shi gyaruwa zuwa ina ba. A lokacin ban ma san akwai tambaya a wurin ba.

A bayan babur ɗin ɗan kabu-kabu na shiga garin, damina ta kankama, gero ya kai gwiwa, ƙasa tana ƙamshi. Duk tsawon hanya ina ganin kaina kamar wata a cikin labari, baƙuwar da za ta sauka a ƙauye yara su so ta, iyaye su riƙa yi mata addu'a, wata rana kuma wani ya ji labarinta daga nesa ya zo neman ganin ta. Da wannan zuciyar na shiga aji, na kasa kunne, na fara rubuta sunaye. Kafin mako biyu fiye da rabin ajin yana cikin takardata.

Na kai wa hedimasta. Dattijo ne ɗan garin, gajere, ba ya saurin magana. Ya sa tabarau ya bi sunayen da yatsa.

"Wanga mi yay yi?"

"Biyat yake cewa maimakon biyar, ranka ya daɗe."

"Wagga hwa?"

"Zamna take cewa, ba ta iya cewa zauna ba."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Malama, yatsun hannunki nawa na?"

Na ce biyar.

"To nawa biyat na. Ki sa ni ƙarshen takarda. In da sauran wuri ki sa matata, ki sa liman." Bai yi dariya ba, shi ya sa abin ya fi shiga jikina. Ya sake bin sunayen tun daga sama. "Ita ɗiyag ga da ka zama bakin taga, ban gan ta ba ciki."

"Ai ita ba ta da matsala. Ban taɓa jin ta yi kuskure ba."

"Kin taɓa jin ta yi magana?"

Na tuno ta. Wata 'yar siririya ce mai manyan idanu, hijabinta ya yi mata yawa. In na kira rajista hannu kawai take ɗagawa, ni kuma na ɗauka kunya ce, har ina yaba mata a raina. Hedimasta ya ce tsamin baki ne da ita. Duk inda harafin ra ko la ya zo a kalma, harafin ya ne ke fitowa. Ruwa ya zama yuwa, rana ta zama yana. Tun ranar farko yara suka yi mata dariya, ta rufe baki, ba ta sake buɗewa ba. Ya ce kakarta ce ke riƙon ta, kuma da kyar aka shawo kan tsohuwar ta yarda a kawo ta makaranta.

Na fito daga ofishinsa kaina ya ɗaure. In biyat ba kuskure ba ne amma yuwa kuskure ne, a ina aka ja layin? Ɗaya gari duka ke faɗi, ɗaya yarinya guda ke faɗi. Ashe kuskure shi ne mutum ya faɗi abu shi kaɗai? To ni fa, da nake cewa biyar ni kaɗai a faɗin garin nan? Na yaga takardar, amma tambayar ba ta yagu ba. Na dai ce bari in fara tatsuniyar, tunda ita aka ce magani.

Washegari da hantsi na ce musu su rufe littattafai, yau tatsuniya za mu yi. Na zaci za su yi tsalle. Sai suka hau kallon juna.

Wani yaro mai kunnuwa a tsaye, wanda ba ya iya riƙe magana a ciki, ya ce, "Malama, ba a gatana da rana."

Gatana, haka mu ma muke kiran tatsuniya a gida kafin in canza baki.

"Saboda me?"

"Mutum ɓacewa shikai cikin kasuwa."

Na san wannan. Kakata ta sha gaya mini, littattafai ne suka mantar da ni. Na kuma san maganinsa, kuma su ma sun sani: in dole sai an yi da rana, a fara ɗaure gizo. A zaro ciyawa ɗaya daga bunun ɗaki a ƙulle ta, shi ke nan an ɗaure shi, ba mai ɓata. Duk muka ɗaga kai sama. Rufin ajinmu na kwano ne. Aka yi ta gardama, wasu suna cewa a je gidan maƙwabta, wasu suna cewa ciyawar wani ɗaki ba ta ɗaure gizon wani ɗaki. A ƙarshe aka daidaita a kan tsintsiyar aji, tunda ita ma ciyawa ce kuma a ɗakin take kwana. Aka zaro tsinke ɗaya aka ƙulle, aka ajiye a kan teburina.

Na ba su labarin gizo da rumbun gyaɗar sarki, yadda ya je ya ce wa sarki akwai ƙwaya ɗaya ruɓaɓɓiya a cikin rumbun, in ba a gano ta ba za ta ɓata sauran, kuma ba a gane ta sai da ɗanɗano. Kowa ya san gizon tatsuniya da tsamin baki yake magana, haka aka gada. Amma ni darasin gyaran furuci nake yi, ina zan kawo wa yara mai karkataccen baki? Sai na gyara masa. Na ce, "Sai gizo ya durƙusa ya ce, ranka ya daɗe, sarki mai rumbu."

Ajin ya yi sanyi kamar an zuba wa wuta ruwa.

Mai kunnuwa ya ce, "Malama, wanga ba gizo ba na. Wanga malamin makaranta na."

Kafin in sami abin cewa, wata 'yar murya ta fito daga bakin taga, ƙasa-ƙasa, kamar ba da niyya ba.

"Yanka ya daɗe, sayki mai yumbu."

Aji ya fashe da dariya, amma ba irin dariyar da ta sani ba. Duk suka juya wajenta suna cewa haka na, haka gizo ka cewa, ta ƙara. Ta tura fuska cikin hijabi. Na matsa kusa da ita na durƙusa, ban san lokacin da bakina ya koma gida ba, na ji kaina ina cewa, "To mi gizo yac ce daga nan?"

Ta leƙo da ido ɗaya. Ta faɗa. Na ci gaba da labari, duk inda aka zo maganar gizo sai in tsaya in dube ta, ita kuma ta cika. Ashe cikinta cike yake da tatsuniyoyin kakarta. Ta san inda gizo ke marairaicewa, ta san inda yake haɗiye miyau. Ranar har 'yan aji biyu sai da suka zo suka cika taga.

Haka muka yi makonni. Ni ce mai ba da labari, ni ce sarki, ni ce kura, ita ce gizo. Ta fara amsa rajista da baki. Ta fara gudu a filin makaranta. In na kira ta gaban aji, zumbur take miƙewa kafin in rufe baki. A raina na riga na rufe littafin, an kai shafin ƙarshe inda kowa ke murmushi. Da yamma in na zauna a ƙofar ɗakina ina kallon hadari yana haɗuwa ta gabas, har hawaye ke zuwa mini don daɗi.

Sai dai akwai abin da ke sukata. A littafin shirin darasi kullum gyaran furuci nake rubutawa, amma ajina gaba ɗaya ya koma bakin gizo. Mayama suke kirana. Mayama zan sha yuwa, Mayama an tashi makayanta. Na zo gyara bakin yarinya ɗaya na karkatar da na aji guda. Wata safiya wani ɗalibina ya rusuna wa hedimasta ya ce yanka ya daɗe. Hedimasta ya leƙo ajina ya ce, "Malama, wa za a yanka?" Ya wuce abinsa. Ban gane ko faɗa ne ko wasa ba, har yau ban gane ba.

A waje kuma sun daina kiran ta da sunanta. Gizo zo nan, gizo ba ni alli. Na ji da kunnena, ban hana ba. Na ɗauka kirari ne, irin sunan da ake ba wanda ya yi fice.

Ranar da abin ya faru, 'yan aji biyu sun ari tsintsiyarmu ba su dawo da ita ba. Lokacin tatsuniya ya yi, na juya ina goge allo, ina jin su a bayana suna cewa babu abin ɗaure gizo. Na ji wata ta ce, "Ai ga gizo nan zamne." Na ji ƙus-ƙus da 'yar dariya, ban juyo ba. Ashe 'yanmata biyu da ke bayanta sun kama gefen hijabinta sun ƙulle a ƙafar benci. Da na gama na kira ta gaba. Ta miƙe zumbur yadda ta saba yanzu, hijabin ya fizge ta, ta kife, bakinta ya daki gefen bencin gaba. Leɓenta ya fashe, hijabin ya yage tun daga wuya.

Wasu sun yi dariya, wasu ba su yi ba. Ita ba ta yi kuka da murya ba. Na wanke mata baki, na raka ta har ƙofar gida. Duk hanya ina magana, ba ta ce mini komai ba.

Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka. Rana ta uku sai ga wata doguwar tsohuwa ta shigo makaranta da sanda, da yagaggen hijabi a hannu. Ba ta nufi ofis ba, ajina ta nufo.

"Ke ta malamar gatana?"

"Ni ce, Inna. Sannu da zuwa. Ga kujera."

"Ban zo zama ba." Ta ɗora hijabin a kan teburina. "Leɓe warkewa shikai, tsumma a ɗinke shi. Ba su na kawo ni ba. Jiya na aike ta rijiya, tun daga ƙofar gida har ta komo, gizo, gizo. Har manya. Na kawo maku ita a buɗe mata ido, kin buɗe mata suna."

"Inna, wallahi ban yi nufin haka ba. Wasa ne na yara, zai wuce."

"Ke baƙuwa ta. Suna garin ga ba ya wucewa. Akwai wadda taz zubda hura gaban baƙi tana shekara bakwai. Ta tsuhwa, ta mutu, har yau gidan mai zubda hura sunan gidansu. Ranad da za a zo neman armen jikata, a ce wace? A ce gizo?"

Wannan maganar ce ta karya ni. Ni da na tashi ina karanta yadda saurayi ke riƙe sunan budurwa a baki kamar alewa, yana jin kunyar furta shi gaban mutane, ni ce na ɗauki sunan yarinya na musanya mata da na maƙaryacin tatsuniya. Na ga ta girma, na ga an zo tambayar aurenta, na ji amsar da za a bayar a bakin hanya.

Tsohuwa ta ce, "Ba ta komowa."

Hedimasta ne ya zo ya yi ta ba ta haƙuri, yana kiran ta da inna shi ma duk da furfurarsa. Da kyar ta ce ta ba mu mako ɗaya. Yarinya za ta dawo Litinin. In Juma'a ta yi sunan bai mutu ba, an gama makaranta.

Na hana kiran sunan, na ce duk wanda na ji zai yi kwana uku yana sharar fili. Na kori gizo daga ajina. Na koma labarin kura da zomo, da na kurciya, da na 'yar sarkin da ta ƙi dariya. Yara suka tambaye ni ko sai an ɗaure gizo tunda ba ya cikin labarin. Na ce ban sani ba. Suka ɗaure dai don kada a yi asara.

Ta dawo da sabon hijabi ta zauna a bakin taga. Na kira rajista, ta ɗaga hannu.

Sunan ya fara lafawa a cikin makaranta, ita ma ta lafa tare da shi. Na rasa ribar da na ci. Da an tashi sai in tsayar da ita, in zauna gabanta in ce ta kalli bakina: ra, ra, ruwa, rana. Sai ta kalli bakin nawa kamar yadda na ce, da ladabi, har in gaji. Na koma kan littattafaina ina neman ko akwai irin wannan a ciki. A cikinsu in mutum ya daina magana, ko so ne ko aljani, kuma wasiƙa ɗaya ko malami ɗaya ke warware shi. Babu inda aka rubuta abin da ake yi in muryar yarinya da mutuncinta ba za su zauna a benci ɗaya ba. In na ba ta gizo, tsohuwa ta cire ta. In na hana ta, tana nan a aji amma kamar babu ita. Na juya abin ta kowace fuska, kowace fuska bango.

Ranar Alhamis bayan la'asar na tafi gidansu. Na tarar da tsohuwa a tsakar gida tana tsinkar rama a cikin ƙwarya. Yarinyar na ganina ta shige ɗaki. Na gaishe ta, ta amsa ba yabo ba fallasa. Na zauna a bakin tabarma na sa hannu a ramar, ba ta hana ni ba.

"Inna, na zo ne in gaya miki ban san abin da zan yi ba."

"Malama guda?"

"Ko kalma ɗaya ba ta ce ba tun Litinin."

"Nan gida kam har sai na ce ta yi man shiru." Ta watsa kara gefe. "Nan in ta ɗauko gatana, duka takai, tun daga kai har wutsiya. Ke kinka raba. Kin ɗauki sarki, kin ɗauki kura, kin ɗauki bakin mai labari, kin jehwa mata gizo awa ƙashi. Wanda anka ba gizo ɗai, mi za a kira shi?"

Na jira ta ƙara, ba ta ƙara ba. Ta koma zancen ruwan bana da tsutsar da ta shiga wake. Na fito ban san ko shawara ta ba ni ba, ko laifina kawai ta sake nuna mini da wani yatsa. Na yi ta auna maganar a hanya. In na tsayar da yarinya mai tsamin baki gaban aji ta yi labari duka, sarki da kowa da bakinta, ai dariyar da za a yi sai ta fi ta farko. Amma ba ni da wata dabarar, kuma gobe Juma'a.

Da safe ina shiga aji na hango tsohuwa zaune a gindin taga ta waje, ta miƙe ƙafa, sandarta a cinya. Ba ta dube ni ba. Na zaro tsinken tsintsiya da kaina na ƙulle, na ɗaga kowa ya gani.

"Yau ba ni zan yi ba," na ce. Na kira yarinyar da sunanta na yanka. "Ke za ki yi mana, duka. Wadda kike so."

Ba ta miƙe ba. Ta fara shafa gefen hijabinta, ta duba ƙafar benci. Sannan ta tashi a hankali ta fito. Ta tsaya tana kallon ƙasa, har na fara jin kukan awaki a bayan makaranta. Na buɗe baki zan ce ta koma ta zauna.

"Ga tan, ga tanku."

Aji ya amsa mata.

Ta ɗauko wata da ban taɓa ji ba, ta gizo da ya je aron inuwa wurin sarki don tasa ta tsufa. "Wata yana, gizo yat tahi gidan sayki. Yac ce, yanka ya daɗe. Sayki yac ce, kai gizo, mi ak kawo ka da yana tsaka? Yac ce, ayon inuwa niz zo. Yac ce, ina taka? Yac ce, ta yage."

Mai kunnuwa ya ɗaga hannu, bai jira izini ba. "Tsaya. Wa ka magana yanzu, sarki ko gizo? Dut gizo nika ji."

Ba tsokana yake yi ba, da gaske labarin ya ɓace masa, amma na ce shi ke nan, an gama. Na dubi taga, kan tsohuwa bai motsa ba. Na dubi yarinyar ina jiran ta tura fuska cikin hijabi.

Ba ta tura ba. Fuska ta ɗaure, irin ta mai labarin da aka katse. Ta harare shi. Na ga bakinta yana motsi ba murya, tana neman wani abu da harshenta a bayan haƙora.

"Sa," ta ce. "Sal. Salki. Salki na ka magana, kai kuma ka yi shiyu."

Ta ci gaba. Duk inda sarki zai yi magana sai ta rage gudu, ta ɗaga harshe da ƙarfi, kalma ta fito da nauyi ɗaya bayan ɗaya. Rana ta zama lana. Aro ya zama alo. Rabin kalmomin suna suɓuce mata su koma yadda suke, sai ta dawo ta sake ɗaukar su. Jinkirin nan kuma sai ya yi kama da isa, kamar dama haka sarakuna ke magana. In an zo kan gizo sai ta saki baki ya yi ta gudu. Ba wanda ya sake tambayar wa ke magana. Da gizo ya naɗe inuwar sarki ya saɓa a kafaɗa, fada duka ta koma cikin rana, har na bayan aji sun miƙe tsaye.

Ni ina jingine da allo, alli a hannu. Salki babu shi a littafi, babu shi a rediyo, babu shi a bakin mutanen garin, kuma ba na gizo ba ne. Aikina in gyara. Sau uku ina shirin cewa sarki, sau uku ina haɗiyewa, ban san ko hikima ce ta hana ni ko tsoro ba.

Da aka tashi na zagaya wajen tsohuwa. Ta miƙo hannu na taimaka mata ta tashi.

"Mi na salki?" ta ce.

"Ban sani ba, Inna."

"Ni ma." Ta kakkaɓe zane. "Sunan hwa?"

Na so in ce ya mutu. Na ce, "Ba zan iya yi miki alkawari ba."

Kamar an aiko shi, wani yaro daga can ƙarshen fili ya ɗaga murya. "Gizo, zo mu tahi."

Na rufe ido. Sai na ji muryarta, a sama sosai, inda ban taɓa jin ta kai ba.

"Kai na gizo, mai ƙahwa awa muciya. Ka kiya sunana ko in tahi in bay ka."

Yara suka kwashe da dariya, wannan karon shi ake yi wa. Ya tsaya yana sosa ƙeya, sannan ya kira sunan nata, a gajarce, kamar an ƙwace masa.

Tsohuwa ta daɗe tana kallon su. Ban iya karanta fuskarta ba.

"Ta zo Litinin," ta ce. "Talata kuma mu gani."

Ta zo Litinin, ta zo Talata. Sunan bai mutu duka ba, yakan ɓace wata guda ya sake ɓullowa a bakin rijiya. Ra ɗin ma ba ta gama zuwa ba har lokacin da aka maido ni Tambuwal bayan shekara biyu, wani lokaci ta fito, wani lokaci ta maƙale a hanya. Kowace Juma'a tsohuwar nan sai ta zo ta zauna a gindin taga da sandarta, ta saurara, ta tashi ta tafi. Har na bar garin ba ta taɓa ce mini ta janye maganarta ba.